Daga Dutsen Aislan Zuwa Matajin Haske: Tarihin Yadda Aka Koyi Jan Akalar Haske

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai saita farantin tauraron ɗan Adam ya ga haruffa biyu da ke fitowa a gefen lambobin tasha, wato H da V. Idan aka sa H inda ya kamata a sa V, tashar ba za ta fito ba, ko da farantin ya fuskanci tauraron daidai wa daida. Mu ma a gidajen rediyo injiniyoyinmu suna kula da wannan ƙa'ida lokacin da suke ɗaura eriya bisa hasumiya. Dalili kuwa shi ne igiyar rediyo tana da fuskar da take kaɗawa, ko a kwance ko a tsaye. Hasken da muke gani da ido ma haka yake, domin shi da igiyar rediyo ƴan gida ɗaya ne, tsawon zango kawai ya raba su. Zangon tashar FM kimanin mita 3 ne, na haske kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Wannan fuskar kaɗawa ita zan riƙa kira alƙiblar haske. Mai karatu ya ɗauki igiyar guga a matsayin misali: a ɗaure bakinta ɗaya a jikin bishiya, a riƙe ɗayan. Ana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ana iya kaɗa ta dama da hagu, ana kuma iya wulwula ta ta riƙa murɗawa kamar zare a jikin mazari. Hasken rana da na fitila gauraye suke, kowace alƙibla akwai ta a ciki, kuma idon mutum ba ya bambance su. Abin da nake so in bi diddigi a nan shi ne yadda aka gano wannan ɓoyayyar siffa, yadda aka daɗe ana sarrafa ta da asarar rabin hasken, da yadda daga baya aka samu hanyar raba haske ba tare da an zubar da shi ba.

Dutse mai nuna abu biyu

A shekarar 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya wallafa bayani a kan wani dutse garai-garai da aka kawo daga tsibirin Aislan. Idan aka ɗora shi a kan rubutu, kowane harafi sai ya zama biyu. Ya auna, ya zana, amma dalilin abin ya ci gaba da ɗaure wa masana kai fiye da shekara 100.

Wanda ya buɗe ƙofar soja ne. Étienne-Louis Malus injiniya ne a rundunar Faransa, yana cikin waɗanda suka bi Nafoliyon zuwa Masar a 1798. Wata rana da yamma a 1808, yana gidansa a Faris, sai ya leƙa ta cikin irin wannan dutse yana kallon hasken faɗuwar rana da ke walƙiya a gilasan tagogin fadar Luxembourg. Yana juya dutsen sai ya ga ɗaya daga cikin hotunan biyu tana dusashewa, ya ƙara juyawa sai ɗayar ta dusashe. Ashe hasken da ya bugi gilashi ya dawo ya riga ya karkata zuwa alƙibla guda. Dutsen kuma aikinsa ke nan: yana raba haske gida biyu bisa alƙiblarsa. Bayan ƴan shekaru Thomas Young a Ingila da Augustin Fresnel a Faransa suka nuna cewa haske yana kaɗawa ne ta gefe, kamar igiyar gugar da na ambata.

Sanin abu daban, mallakar kayan aikinsa daban. Dutsen Aislan mai kyau yana da tsada, kuma ƙanana ake samu. A 1852 wani likita a Bristol, William Herapath, ya ba da labarin wasu ƴan ƙananan kiristal koraye da suka fito lokacin da ɗalibinsa ya ɗiga aidin a fitsarin wani kare da aka ba kwinin, maganin zazzaɓin nan da kakanninmu suka sani da ɗaci. Kiristal ɗin suna barin haske mai alƙibla ɗaya ya wuce, su shanye sauran. Sai dai suna da rauni, ba a iya samun manya. Haka aka bar su har wani saurayi Ba'amurke, Edwin Land, ya bar karatu a jami'ar Harvard ya duƙufa a kansu. Dabararsa ita ce ya daina neman babba: ya niƙa su suka zama ƴan allurai da ido ba ya gani, ya zuba su cikin roba, ya jera su suna kallon wuri guda. Ya nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1929. A 1938 ya fito da wadda ta fi ta, wato ledar da ake miƙarwa har zaruruwanta su jeru, sannan a rina ta da aidin. Wannan ita ce rariyar haske, kuma jikokinta ne ke cikin tabarau masu kashe walƙiyar kwalta da kusan kowane allon waya.

Amma rariyar tana da haraji mai nauyi. Duk hasken da ba ya kan alƙiblarta shanye shi take yi, ya zama zafi. Aƙalla rabi ke nan ya tafi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ba ruwa ba, ba kuma dutse ba

Reshe na biyu na labarin ya fara ne da karas. Friedrich Reinitzer masanin tsirrai ne a birnin Firag, yana nazarin kolestarol da ke cikin karas. A 1888 ya dumama wani sinadari da ya haɗa daga kolestarol, sai ya ga abin da bai saba gani ba. A ma'aunin zafi 145.5 sinadarin ya narke ya zama ruwa mai gurɓi kamar farau-farau. Sai da zafi ya kai 178.5 ruwan ya washe. Abu ɗaya, narkewa biyu. A watan Maris na shekarar ya rubuta wa Otto Lehmann, wani masanin kimiyyar fiziks a Jamus wanda ke da madubin hangen ƙananan abubuwa mai dumama abin da ake dubawa, mai kuma rariyar alƙibla. Lehmann ya ga ruwan mai gurɓi yana raba haske gida biyu, aikin da aka san dutsen Aislan da shi. A 1889 ya wallafa bincikensa, ya kira abin kiristal mai gudana.

A nan akwai haɗuwar da ke burge ni a matsayina na ma'aikacin rediyo. A birnin Karlsruhe, tsakanin 1887 da 1888, Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo, har ya jera wayoyi a cikin firam ya nuna cewa su ma suna da alƙibla. Da ya bar Karlsruhe a 1889, wanda ya gaji kujerarsa shi ne Lehmann. Ke nan tushen rediyo da tushen allon waya sun zauna a kujera ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Yaya abu zai zama ruwa kuma kiristal? A dubi mutane a sahun sallah: kowa na da gurbinsa, kowa na kallon gabas. Wannan shi ne kiristal. A dubi mutane a tsakiyar kasuwa: babu gurbi, kowa na kallon inda ya ga dama. Wannan shi ne ruwa. To a dubi jama'a a kan hanyar zuwa filin Idi: suna tafiya, wani na wuce wani, amma duk fuskarsu wuri guda take. Haka ƙwayoyin ruwan kiristal suke. Dogaye ne kamar tsinken ashana, suna gudana amma suna jere, kuma haske yana bi ta tsawonsu da saurin da ya bambanta da wanda yake bi ta faɗinsu. Wannan bambanci ne ke ba su ikon juya alƙiblar haske.

Ba kowa ya yarda da Lehmann ba. Manyan masana irin su Gustav Tammann sun ce gauraye ne kawai na abubuwan da ba a tace da kyau ba. Wasu ƴan kaɗan suka ci gaba. Daniel Vorländer a Halle ya haɗa ɗaruruwan irin waɗannan sinadarai. Charles Mauguin a Faransa ya nuna a 1911 cewa idan aka murɗa jerin ƙwayoyin tsakanin gilasai biyu, alƙiblar haske tana bin murɗin. Georges Friedel ya kasa su aji-aji a 1922. A Leningrad, Vsevolod Frederiks ya nuna cewa maganaɗisu yana iya juya su, kafin a kama shi a zamanin Stalin. Duk da haka, babu wani kamfani da ya ga abin sayarwa a ciki. Lehmann ya rasu a 1922, Reinitzer a 1927, ba wanda ya ga allo ko ɗaya.

Sai a watan Mayu na 1968, shekara 80 cif bayan wasiƙar Reinitzer, kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa ƴan jarida allon farko na ruwan kiristal, aikin George Heilmeier da abokansa. A Disamba 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich, a kamfanin Hoffmann-La Roche na Siwizalan, suka nemi rajistar dabarar da ta mamaye duniya, James Fergason ma ya iso gare ta a Amurka. Ga yadda take: rariya biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ta yadda babu hasken da zai ratsa su duka. A tsakaninsu a sa ruwan kiristal da aka murɗa rubu'in zagaye, shi zai juya alƙiblar hasken ya wuce. Da an sa ƴar wutar lantarki sai ƙwayoyin su miƙe, murɗin ya warware, wurin ya yi baƙi. George Gray na jami'ar Hull a Ingila ya samar da sinadaran da ke aiki a zafin ɗaki ba tare da lalacewa ba, ya wallafa su a 1973. A wannan shekarar kamfanin Sharp na Japan ya fitar da na'urar lissafi ta aljihu mai allon ruwan kiristal, wadda batir ɗaya ƙarami ke kai ta awa 100. RCA ba ta jure ba, ta sayar da sashen a cikin shekarun 1970. Sharp kuwa a 1988 ta nuna allo mai launi na inci 14.

Harajin Land dai yana nan. Fitilar da ke bayan allo tana ba da haske gauraye, rariyar farko ta shanye rabi, matatan launi su ci nasu, abin da ke isowa ido yawanci bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wanda yake biyan kuɗi a shagon caji, ko yake lallaɓa batir saboda an ɗauke wuta, ya san darajar wannan asara ko da bai san sunanta ba. Shi ya sa da zarar caji ya yi ƙasa abin da muke fara yi shi ne rage hasken allo.

Rubutu da haske

Reshe na uku shi ne mataji. A juya bayan faifan CD a rana za a ga launukan bakan gizo. Abin da ke jawo haka ƴan layuka ne masu matuƙar kusanci da juna, waɗanda ke karkatar da haske kowane launi ta kusurwarsa. Irin wannan jerin layuka shi nake kira matajin haske. David Rittenhouse a Amurka ya yi na farko da gashi wajen 1785, Joseph Fraunhofer a Jamus ya yi nasa da siririyar waya a 1821.

A 1947 Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari da ke aiki a Ingila, ya ƙirƙiro hologiram. Idan haske biyu masu zango ɗaya suka haɗu, wani wuri suna ƙarfafa juna, wani wuri suna kashe juna, sai a samu layukan haske da duhu. A ɗauki hoton waɗannan layuka, an samu mataji wanda haske ya zana da kansa. Dabarar ta jira fitowar leza a 1960 kafin ta yi aiki sosai, Gabor kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1971. Zirin nan mai walƙiya da ke jikin takardar jikka goma daga wannan zuriya yake. Sai dai irin wannan mataji, idan siriri ne mai sauƙin zubi, yana warwatsa haske ta hanyoyi da yawa, abin da yake iya turawa ta hanyar da ake so bai wuce kashi 34 cikin 100 ba.

Wanda ya haɗa hologiram da alƙibla wani masani ne a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, mai suna Kakichashvili, a farkon shekarun 1970. Tunanin shi ne: a haɗa hasken leza biyu, ɗaya mai murɗawa dama, ɗaya mai murɗawa hagu. Inda suka haɗu babu layin haske da duhu, ko'ina ƙarfinsa ɗaya. Abin da ke sauyawa shi ne alƙiblar: a nan tana tsaye, gaba kaɗan ta karkata, gaba ta kwanta, gaba ta sake miƙewa, haka dai a jere. Fim ɗin hoto na yau da kullum ba zai ga komai ba. Ana bukatar abin da ke jin alƙibla.

An same shi a cikin rini. A 1984, a birnin Sofiya na Bulgeriya, Todorov da Ludmila Nikolova da Tomova suka zuba wani rini na dangin azo a cikin folima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi irin na roba da leda. Ƙwayar wannan rini doguwa ce. Idan haske ya zo da alƙiblar da ta yi daidai da tsawonta sai ta lanƙwashe, ta sake miƙewa ta wata fuskar. Haka za ta yi ta yi har ta faɗa a gicciye da alƙiblar hasken, inda ba ya ƙara taɓa ta. Kamar mai zama a rana ne da ke ta gyara zama har ya samu inda ba ta dukan idonsa. Ta haka kowace ƙwaya ta zama shaidar alƙiblar da ta ratsa wurinta. Lissafin masanan Sofiya ya nuna cewa irin wannan mataji, ko da siriri ne, yana iya tura kusan dukan hasken ta hanya guda.

Rini kaɗai ƙarfinsa kaɗan ne, a nan ruwan kiristal ya shigo, domin ƙwayoyinsa masu bin jagora ne: in ƴan kaɗan suka juya, sauran sai su bi. A 1987 Eich da Wendorff da Ringsdorf da abokin aikinsu a Jamus suka rubuta hologiram a cikin folima mai siffar ruwan kiristal, suka goge, suka sake rubutawa. A kamfanin Philips na Holan, Dirk Broer ya samar da ruwan kiristal da za a jera shi yadda ake so, sannan a haska masa haske mai ƙarfi ya daskare ya zama leda, jerin nan ya zauna daram. Da can masana'antu suna jera ƙwayoyin ne ta hanyar goga fuskar gilashi da ƙyallen karammiski, abin da ba ya ba da alƙibla sai guda. Daga ƙarshen shekarun 1980 Kunihiro Ichimura a Japan, da Schadt ɗin nan na Siwizalan a 1992, suka nuna cewa haske ma yana iya wannan aiki, kuma shi kowane ɗigo yana iya ba shi alƙiblarsa.

Da aka tara waɗannan, girkin ya kammala. A shafa siririn rini a gilashi, a haska masa leza biyu masu murɗin dama da hagu, a zuba ruwan kiristal a kai ya bi zanen, a daskarar da shi. Kaurinsa ƴan kashi ne cikin dubu na milimita. A 2008 Chulwoo Oh da Michael Escuti na jami'ar jihar Karolina ta Arewa suka wallafa irinsa mai hawa biyu wanda ke aiki ga dukan launukan da ido ke gani, da ingancin da ya kusa kashi 100.

Bambancinsa da rariyar Land shi ne bambancin mai gadin da ke korar rabin garke da makiyayin da ke tsaye a ƙofa yana ware tumaki dama, awaki hagu. Haske mai murɗin dama ya bi wannan gefe, mai murɗin hagu ya bi wancan, babu wanda aka shanye. Tun da an ware su, ana iya juya alƙiblar rabi ɗaya ta koma irin ta ɗan'uwansa a sake haɗa su, abin da aka gwada a ƙananan na'urorin haska hoto a bango. Lissafin da ke bayan wannan kuwa wani matashi Ba'indiye ne ya fara shimfiɗa shi, Shivaramakrishnan Pancharatnam, a Bangalor a 1956, yana ɗan shekara 22. Ya rasu a 1969, aikin ya kwanta, sai a shekarun 1980 aka farfaɗo da shi bayan binciken Michael Berry na Bristol. Yau sunayensu biyu ake kiran ƙa'idar da su.

Inda aka kai

Allon yawancin wayoyin da ke kasuwanninmu har yanzu da rariyar Land yake aiki. Matajin alƙibla ya fara shiga ne ta wasu ƙofofi. Idan aka jera su, aka sa makunnin ruwan kiristal a tsakani mai sauya murɗin dama zuwa hagu, ana iya nuna hasken leza inda ake so ba tare da wani madubi ya motsa ba, abin da masu ƙera na'urorin auna nisa da leza ke bukata. Idan aka zana jerin a da'ira sai ya zama gilashin tabarau shimfiɗaɗɗe wanda bai kai kaurin gashi ba, ana kuma bincikensa don gilasan kallon hoto da ake ɗaurawa a fuska. Masana taurari na jami'ar Leiden sun ɗora irinsa a babban madubin hangen sama na Magellan da ke ƙasar Chile, domin a danne hasken tauraro a ga abin da ke kewaya shi.

Akwai tambayar da mu masu gabatar da shiri muke yi wa duk wani mai bincike da ya shigo ɗakin watsa shiri: mene ne amfanin wannan ga talaka? Tambaya ce mai kyau, mai saurare yana da haƙƙin jin amsarta, musamman inda kuɗin bincike daga aljihunsa yake fitowa. Amma wannan tarihi ya sa ina yi mata linzami. Reinitzer ba shi da amsa a 1888. Hertz ya rasu a 1894 yana ɗan shekara 36, kafin a aika saƙon rediyo na farko a ƙetare teku. Pancharatnam bai ga komai da aka ƙera da lissafinsa ba. Tibilisi da Sofiya da Bangalor kuma ba su ne biranen masu kuɗin duniya ba a lokacin, abin da suke da shi malamai ne da aka bari suka zauna a kan tambaya ɗaya shekara da shekaru. RCA da ta gaji da jira ta sayar, waɗanda suka jure suka ci riba. Don haka idan malamin jami'a ya ce mana bincikensa bai nuna ba tukuna, kafin mu yanke masa hukunci mu ƙara masa tambaya ta biyu: me ya gani wanda ba a taɓa gani ba, kuma me yake bukata don ya ci gaba da dubawa? Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, na kusa da na nesa.